Ranar da Ustaz Ya Ce wa Baffa Haruna Ya Jira a Waje

Shekara talatin da biyar ke nan da aka kai mijina maƙabartar Baƙi'a. Ni ina gida a zaune kamar kowace mai takaba, maza ne suka ɗauke shi, kuma rabin masu rububin kama makarar mutane ne da suka yi shekaru suna amsa sallamarsa a ciki-ciki. Sunansa Bashir. Yana raye ban taɓa kama sunan nan ba, Ustaz nake ce masa yadda kowa ke cewa, yau ma a haka zan tafi. Bana na ga samarin unguwarmu, Harra ta Gabas, suna tura hotonsa a waya, an rubuta a ƙasa wai shi ne abin alfaharin Hausawan Madina. Na duba sunayen masu turawar, na san kakan kowannensu, na kuma san abin da kakan ya faɗa a kan Ustaz. Shi ya sa na ce bari in rubuta tawa, tun kafin su mayar da shi waliyyin da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Ni da shi duk a nan aka haife mu. Kakanninmu ne suka taka da ƙafa ta Sudan, suka sauke farali, suka zauna. Ustaz ya je Masar ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ya dawo a ƙarshen shekarun saba'in, aka ɗauke shi aiki a sashen masu taɓin hankali na wani asibiti da ba zan ambata ba. Ranar da ya fara aiki na goge masa farar rigarsa har tana ɗaukar ido, ina jin kaina. Ashe rigar ba ta hana komai ba. Mutum zai shigo da mara lafiyarsa, ya kalli Ustaz daga sama har ƙasa, ya miƙa masa jaka, ya ce, "Ya Takaruni, ina daktor?" Takaruni shi ne sunan da suke kiran baƙaƙe irinmu. Babban likitan wurin kuma, wani mai gilashi da ke ji da kansa, ya riga ya yanke cewa baƙar fata ba ya ciwon damuwa. Wai mu fatarmu kauri, zuciyarmu ma kauri. Duk baƙin da aka kawo, ko dai camfin aljanu ne ko ƙin aiki, a yi masa allura ya yi barci. Ba ya tuna akwai Ustaz sai an kawo wanda Larabcinsa bai nuna ba, sannan a ƙwala masa kira ya zo ya yi tafinta. Mutum da digirinsa, an mayar da shi bututun da magana ke bi ta wuce.

Kada ku ce zan ɗora wa Larabawa laifin duka in wanke namu. Mu ma muna da tamu al'adar, kuma ita ce ta fi cin mutane. A wurinmu mara lafiya ba ya magana. Wanda ya kai shi ne ke magana. Likita zai tambaya me ke damunsa, babban gida ya gyara zama ya zayyano, shi kuwa mai ciwon yana gefe kai a sunkuye, ana labarin cikinsa kamar ba ya wurin. In ciwon ƙafa ne, da sauƙi. To in shi mai bayanin ne ciwon fa? Wannan tambayar ba wanda ya taɓa yi a unguwarmu, sai da aka kai wani saurayi gaban Ustaz.

Zan kira shi Ilyasu. Ba sunansa ba ne, kuma da yardarsa nake wannan rubutu. A lokacin shekarunsa ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Maraya ne, ƙanin mahaifinsa ke riƙe da shi, wato Baffa Haruna, mai shagon dabino a Ƙuba. Tun Ilyasu yana ƙarami kowa ya ga yadda yake: muryarsa siririya, hannunsa na karyewa in yana magana, tafiyarsa a hankali, ya fi sakewa a tsakar gida wurin mata da keken ɗinkin mahaifiyarsa a kan zaman shago. Mutane suka sa masa ɗan daudu, yara suna binsa da waƙa. Baffa Haruna ya sha alwashin sai ya miƙar da shi. An yi duka, an yi rubutu, an kai shi wurin wani mai ruƙiyya da ya zane shi da igiyar ruwa har ya yi kwanaki bai iya kwanciya rigingine ba, wai ana fitar masa da aljana. Aljanar ba ta fita ba. Maganarsa ce ta fita. Ilyasu ya daina magana, ya daina cin abinci.

Shekarar ce kwarin Aƙiƙ ya kawo ruwa sosai. Kun san halin mutanen Madina, da an ce kwarin ya cika sai a ɗebi shayi da tabarmi a tafi kallo. Ana cikin kallon nan da hantsi aka hango mutum ya shiga ruwan da jallabiyarsa, yana tafiya, ruwa ya kai masa ƙirji, bai waiwayo ba. Wani direban tankar ruwa ɗan Chadi ne ya faɗa ya jawo shi. Daga nan aka wuce da shi asibiti, Baffa Haruna na gaba yana huci.

Abin da ya faru a ɗakin, daga bakin Ilyasu na ji shi bayan shekaru masu yawa, ba daga bakin mijina ba. Likita mai gilashi ya leƙo, ya ga baƙaƙe ne, ya sa a kira tafinta. Baffa Haruna da ya ga Ustaz sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, ya Ustaz, ai kai namu ne. Gaya wa daktor yaron nan ya taɓu, halas, magana ta ƙare. A kai shi can kan dutse a tsare, mu huta da abin kunya."

Can kan dutse da yake faɗa wani babban gidan mahaukata ne a wani gari mai nisa. Wanda aka kai can, sai dai a ji labari. Kuma abu kaɗan ake bukata a tura mutum: dangi su nema, ma'aikaci irin Ustaz ya ce e, ya duba, hauka ne.

Ustaz ya ce, "Baffa, don Allah a ɗan jira mu a waje."

"Ni?"

"Kai, Baffa. Zan yi magana da mara lafiya."

"Ai ni ne bakinsa."

"Na ga yana da nasa."

Ya buɗe ƙofa ya riƙe, bai sake ba sai da dattijon ya fita. Kafin la'asar labari ya gama Harra, ya gangara Ƙuba: ɗan gidan wane ya kori babba daga ɗaki saboda ɗan daudu.

Ilyasu ya ce da ƙofa ta rufe, jira yake a fara yi masa wa'azi, don duk wanda ya taɓa keɓewa da shi ko wa'azi ya yi masa ko duka. Sai Ustaz ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ba a bayan tebur ba. Ya ce masa shi ba alƙali ba ne, ba liman ba ne, kuma ba a ɗauke shi aiki don ya gyara wa kowa tafiya ba. Ya tambaye shi da wane harshe ya fi jin sauƙin magana, Hausa ko Larabci, don yaran da aka haifa a nan sau da yawa da Hausa ake zaginsu, da Larabci suke tunani. Ilyasu bai amsa ba. Ustaz ya ce ba komai, shirun ma nasa ne. Ya ga shatin igiya a wuyansa, ya ce, "Ni ban ga abin da ya lalace a jikinka ba. Na ga mutumin da aka daka. Abin da nake so kawai ka kai gobe, in goben ta zo mu sake nemo wata." Ya kuma yi masa alkawari ɗaya: duk abin da ya faɗa a ɗakin nan, a ɗakin zai tsaya. Sai da aka yi zama da yawa kafin Ilyasu ya buɗe baki. Da ya buɗe, ya faɗi abin da ya faɗa.

Ustaz ya je wurin mai gilashi ya ce yaron ba mahaukaci ba ne, baƙin ciki ne ya yi masa yawa, magana yake bukata da wurin kwana inda ba a dukansa. Likitan bai damu da gaskiyar maganar ba, gado yake so a sakar masa, sai ya ce to. Sannan Ustaz ya yi abu na biyu da ya ƙara fusata mazan unguwa, ya aika ni in kira masa mahaifiyar Ilyasu, wadda duk wannan bidirin ba wanda ya tambaye ta ko kalma ɗaya. Ta zo gidanmu, tana bayan labule yana gaba. Ya tambaye ta me take so a yi da ɗanta. Matar nan ta yi kuka har na ji tsoro, sannan ta ce, "A ba ni abina." Ta kwashe kayanta daga gidan Baffa Haruna, ta koma ɗaki guda a gidan 'yar'uwarta, ita da ɗanta da keken ɗinki.

Kun ɗauka an gama? Ai yanzu aka fara. Wata Juma'a bayan la'asar dattawa suka cika mana majalisa, Baffa Haruna a tsakiya. Ni na dafa gahawar, ina bayan ƙofa ina jin komai. Sun zo da bukata biyu. Ustaz ya koma ya ce hauka ne, a tafi da yaron. In kuwa ya ƙi, to ya gaya musu abin da yaron ya faɗa, da sunan duk wanda ya ambata, su san matakin da za su ɗauka, ko da ta kai ga hukuma. Kun san abin da wannan ke nufi a garin nan. Kalma ɗaya daga bakin mijina ta isa ta kai Ilyasu inda ya fi gidan mahaukata muni.

Wani tsoho da iyayensa suka zo ta Sudan ya ce, "Ya waladi, ɗana, mu baƙaƙe ne a garin nan, ido na kanmu. In aka ce Takari na da irin wannan, wa zai ba 'ya'yanmu aiki? Wa zai ba mu haya?"

Tsoron nan gaskiya ne, ba zan ƙaryata shi ba, na san yadda ake kallonmu a kasuwa da ofis. Amma ku dubi dabarar manya. An raina ku, maimakon ku haɗa kai, sai ku zaɓi wanda ya fi kowa rauni a cikinku, maraya mai shatin duka a baya, ku miƙa shi, ko a ce muku madalla. Waɗannan ne mazajen da in ɗan sanda ya ɗaga murya sai su hau "haadir, haadir", wato "to, an gama", suna ja da baya. A gaban yaron da ba ya iya ɗaga ido kuwa, kowannensu zaki ne.

Ustaz ya bari suka gama. Ya ce abin da aka faɗa masa amana ce.

Baffa Haruna ya ce, "Amana tsakaninka da ɗan daudu? Yaron nan namu ne. Cikinsa ma namu ne."

Ustaz ya ce, "Cikinsa nasa ne, Baffa. A ƙara gahawa?"

Ba wanda ya ƙara. Suka tashi suna karkaɗe riguna, wani ma ya manta takalminsa ƙafa ɗaya ya saka na wani.

Daga ranar aka ɗauke mana ƙafa. Biki, suna, walimar dawowa daga tafiya, sai dai mu ji ƙamshi daga maƙwabta. A masallacin unguwa in ya tsaya a sahu, na kusa da shi sai ya tuna yana da tari ya matsa. Sannan aka fito da wadda ta fi sauƙi, wai mutum ba zai tsaya wa irin waɗannan ba sai in shi ma nasu ne. Mata suka riƙa zuwa mini jaje da fuskar tausayi, idonsu na yawo a ɗakina, suna tambaya ko lafiya muke zaune da Ustaz. Ina ba su shayi da na'ana'a, in raka su ƙofa, in wanke kofin sau biyu. Na tambaye shi ni ma, mana. Wace mace ce za a yi wa haka ba ta tambaya ba? Na ce ya gaya mini ni kaɗai, in san a kan me ake cin mutuncina. Ya ce, "Hajiya, in na gaya miki nasa, ranar da kika kawo mini naki, da wane ido za ki dube ni?" Na yi kwana biyu ina shan kunu, shi kuwa ya ci tuwonsa ya tafi aiki.

Ga abin da masu yabon yau ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru. Ba a yi shekara ba aka fara ƙwanƙwasa mana ƙofar baya da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori kowa daga titi. Samari masu irin halin Ilyasu, da waɗanda ba mai zarginsu da komai. Ma'aikata 'yan Chadi da uban gida ya mayar da su dabbobi har suka fara magana su kaɗai. Ɗalibin da malami ke kira bawa a gaban aji. Har da wasu daga cikin waɗanda suka sha gahawata ranar Juma'ar nan, su kaɗai, ghutura, mayafin kan maza, a rufe da rabin fuska. Me ya kawo su? Sun gwada shi da kansu, sun matsa, sun ga bai fasa ba. Mutumin da suka tsana don ya ƙi tona asirin maraya, shi suka ga ya dace da nasu asirin. Ya karɓe su kamar yadda ya karɓi Ilyasu, kujera kusa da kujera. Washegari su haɗu a masallaci su ɗauke kai. Na san fuskokinsu, kuma ba zan faɗa ba, ko da yake wallahi wani lokacin harshena na ƙaiƙayi.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ta zama ado. A unguwar Aƙiƙ akwai ɗakunan shan magani masu kujeru masu laushi da furen roba, ana shiga da alƙawari. Jikata ta je ɗaya bara, mai karɓar baƙi ta dube ta ta tambaya wace madam ta rako. Ita jikar tawa ce ke gaya mini wai a wasu ƙasashe akwai masu wannan aiki da ke rubutawa a ƙofa cewa suna maraba da baƙar fata da masu hali irin na Ilyasu, ba za su ce sai sun canza kowa ba. Na yi dariya. Wato abin ya kai sai an rubuta a allo cewa nan ba a wulaƙanta mutum. Amma na san Ustaz ba zai yi dariya ba, murna zai yi, don ya san akwai yaron da allon nan kaɗai zai hana shi shiga ruwa. Sai dai zai tambaya, in an rufe ƙofa, wa ke magana, mai ciwon ko wanda ya biya kuɗin? A unguwarmu har gobe babba ne ke shiga gaba. Abin da ya canza kawai, yanzu yana riƙe da waya mai tsada.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da Ustaz, bai cika hamsin ba. Da aka ga jikin ya yi nisa, dattawa suka yi abin da aka saba, suka jero neman yafiya, don ba mai son a tafi da haƙƙinsa a wuya. Ina zaune a gefen gadon na ja mayafi. Ɗaya bayan ɗaya suna cewa a yafi juna, yana ɗaga musu hannu. Baffa Haruna ne na ƙarshe. Ya riƙe hannunsa, ya yi addu'a mai tsawo har da ƙwalla. Na fara cewa a raina ashe tsohon nan yana da zuciya. Sai ya sunkuya, ya rage murya.

"Ya Ustaz, yanzu dai komai ya wuce. Tsakaninka da Allah, me yaron nan ya gaya maka?"

Mutum na jan numfashi da ƙyar, shi abin da ya dame shi ke nan. Ustaz ya buɗe ido, ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Baffa, ka taɓa tambayarsa?"

Tsohon ya saki hannun, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya fita. Ya ƙara shekaru da dama a duniya bayan Ustaz, tsakanin gidansa da inda ɗan ɗan'uwansa ke ɗinki tafiyar ƙafa ce. Ya je Makka, ya je Masar ganin likitan ido, ya je har Kano neman dangi. Wannan 'yar tafiyar ce bai taɓa yi ba har aka binne shi.

In ana lissafin abin da mutum ya bari, Ustaz bai bar abin nunawa ba. Bai rubuta littafi ba, bai gina asibiti ba, har ya mutu a takardar aiki ƙaramin ma'aikaci ne, mai gilashi kuwa an yi masa walimar ban kwana da raguna. Kabarinsa ma yanzu ko 'ya'yansa ba za su iya nuna shi ba. Waɗanda ya rufa wa asiri ba za su tashi a taro su ce ga abin da ya yi mana ba, don faɗar hakan tonon kai ne. Aikinsa irin wanda in ya yi kyau ba a ganinsa ne.

Amma ni ina ganin guda ɗaya. Ilyasu na da shagon ɗinkin labule da matasan kujera a Harra, rabin majalisun unguwar nan shi ya yi musu ado, har da na gidajen da aka yi masa waƙa. Muryarsa tana nan yadda take, hannunsa na karyewa yadda ya saba. Ya riƙe mahaifiyarsa har ta rasu a hannunsa. Shekaranjiya ya zo gaishe ni, ya hau matakalar gidana yana nishi, kansa fari fat, ya zube a kujera ya ce, "Wayyo Hajiya, gwiwoyin nan za su kashe ni. Ga suga, ga hawan jini, likita ya hana ni ko dabino. Tsufa ba daɗi, wallahi."

Ya yi ta ƙorafi har shayinsa ya huce. Ban katse shi ba. Yaron da ya shiga Aƙiƙ har ƙirji ne zaune a gabana yana kukan tsufa, kuma ban taɓa jin ƙorafin da ya yi mini daɗi kamarsa ba. Allah ya jiƙan Ustaz.